Wardi a Ƙasar Rake: Abin da Ranar Ɗandamisa Ke Yi wa Furen da Kika Gani a Waya

Yau ba kicin za mu shiga ba, ki yafa mayafinki, hanya za mu kama. Za mu bar Zariya ta titin Kano, kuma da an wuce gidajen ƙarshe na gari ƙasa za ta buɗe miki: gonakin masara da dawa, kuka nan, ɗorawa can, sai fadamun da rake ya cika har mutum ya shiga ba a hango hularsa. A Tashar Yari za mu sauka daga babban titi mu nufi Maƙarfi. Ɗandamisa, inda muka dosa, ɗaya ce daga mazaɓu 10 na ƙaramar hukumar, ita da su Gimi da Gazara da Gubuchi da Mayere, duk a ƙasar Zazzau.

Kowane gari a wannan yanki da abin da aka san shi da shi. Maƙarfi rake, wanda ake lodawa a manyan motoci zuwa garuruwa masu nisa. Ikara tumatir, har aka kafa masa kamfanin sarrafawa tun farkon shekarun 1980. Kudan da Hunkuyi kuwa, bayan rake da mazarƙwaila, a 'yan shekarun nan inabi ne ya ƙara fito da sunansu. Babu mai zuwa Ɗandamisa don kallon furanni. Ki leƙa tsakar gidaje, abin da za ki tarar shi ne lalle, zogale, gwanda a bayan ɗaki, lemun tsami, wataƙila da na'a-na'a ko ɗoɗɗoya a tsohuwar roba kusa da randa. Duk abin ci ne, ko na shafawa, ko na magani. Matar da ke jan guga da hannunta ba ta ba shuka ruwa a banza.

Sai ga waya ta shigo. Kowace safiyar Juma'a sai an turo miki furen wardi a WhatsApp, jajur da shi, da raɓa a kansa da addu'a a ƙasa. Amarya ta tare a sabon gida mai siminti, ta je Zariya ko Kaduna ta hango irinsa a baƙar leda wurin masu sayar da shuke-shuke na bakin titi, waɗanda ke kiransa ros. Ta ba da kuɗin da zai yi cefanen kwana biyu, ta kawo ta dasa a tsakiyar tsakar gida inda duk wanda ya yi sallama zai gani. Kafin wata biyu ya koma ƙirare. Daga nan sai ta yanke wa kanta hukunci: "Ni ba ni da hannun shuka." Hannunki lafiyarsa ƙalau, 'yar'uwa. Irin da aka sayar miki, da watan da kika dasa, da inda kika ajiye shi, su suka kashe shi.

Ki fara da sanin inda wardin hoton nan ya fito. Yawancin wanda ake yankowa daga Afirka a kai kasuwannin Turai, a Kenya da Habasha ake noma shi, a kan tuddai, cikin manyan rumfunan leda. Tafkin Naivasha na Kenya, inda gonakin suka fi yawa, yana kusan mita 1,900 sama da teku. Rana tana da haske a can amma iska ba ta ƙuna, dare kuma da sanyi shekara duka. Jos tana wajen mita 1,200, kuma na san masu karatunmu na can za su ce su ba su san wardi yana da wuya ba. Ƙasar Zazzau ta tsaya tsakanin mita 600 da 700. Wannan tudun ba abin rainawa ba ne, shi ya sa zafin Zariya bai kai na Sakkwato ko Maiduguri ba, kuma shi ya sa zancen wardi a Ɗandamisa ba tatsuniya ba ce. Zai yi. Sai dai ba kowane iri ba, ba kuma kowane wata ba.

Wardi ya fi jin daɗi idan zafi yana tsakanin digiri 15 da 27. Yanzu ki auna da shekararmu. Ruwa yana sauka daga Mayu zuwa farkon Oktoba, kimanin milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa a marka, cikin Agusta. A hunturu dare yakan sauko ƙasa da digiri 15, rana kuma ta yi tsaka-tsaki. A bazara, Maris da Afrilu, ya haura 35 ya yi ta tafiya. Kin ga ke nan lokacin da muke kunna wuta a kasko muna shafa wa yara man kaɗanya a kaushi, lokacin ne wardi yake angwanci. Littattafan Turawa da bidiyon da kike gani a YouTube za su ce miki a dasa a Maris, a ga fure a Yuni. Kalandarsu ce. A nan Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin fure, bazara lokacin neman tsira da rai, marka kuma lokacin jinya.

To, mu zo kan iri, domin a nan kuɗi ke salwanta.

Wanda ya fi ɗaukar ido shi ne mai fure guda ɗaya ƙato a kan doguwar sanda, mai tsini a tsakiya kamar an naɗe rawani. Dangin nan sun faro ne a Faransa, kuma ana ɗaukar wani mai suna La France na shekarar 1867 a matsayin na farkonsu. A cikinsu akwai Peace, mai ruwan ɗorawa da ɗan ja-ja a baki, wanda Francis Meilland ya samar, aka fitar da shi a Amurka a 1945, ya zama ɗaya daga wardin da aka fi dasawa a duniya. A hunturunmu suna yin abin mamaki, fure ya yi kwana huɗu ko biyar yana buɗewa a hankali. Amma da bazara ta kama sai furen ya ƙanƙance, ya buɗe da safe ya watse da la'asar, ƙamshi ya gudu. Da marka kuma su ne na farko da ke zubar da ganye. 'Yan gata ne, sai mai ruwa a gida da lokacin kula da su.

Launi ma yana da nasa hukuncin, kuma wannan ne abin da mai sayarwa ba zai gaya miki ba. Ja mai duhu, irin na Mister Lincoln, wanda ƙamshinsa ke cika zaure, shi ya fi kowa shan wuya a rana. Gefen ganyen furen yakan ƙone ya yi baƙi ya ƙanƙame kamar an kusantar da shi murhu. Duk wadda ta taɓa fita da baƙin hijabi da azahar a watan Afrilu ta san dalili. Mai ruwan ɗorawa ba ya ƙonewa haka, koɗewa yake yi, kwana biyu ya koma fari-fari kamar atamfar da ta sha wanki. Fari da mai ruwan hoda sun fi jure rana, amma idan ganyen furensu yana da yawa kuma sirara ne, ruwan sama yakan manne na waje, furen ya kasa buɗewa, ya ruɓe a dunƙule. Akwai kuma wani mai abin dariya, Double Delight na 1977: fari yake fitowa, rana ce ke shafa masa ja a baki kamar jan-baki. Ki sa shi a inuwa ya ƙi yin jan sam.

Sai dangi na biyu, masu fure gungu-gungu, biyar ko goma a reshe guda, kowanne bai kai na farkon girma ba. Fitaccensu shi ne Iceberg, fari tas, wanda gidan Kordes na Jamus ya fitar a 1958. Ko da yake a ƙasar sanyi aka haife shi, ya yi suna a ƙasashe masu zafi da ƙarancin ruwa kamar Afirka ta Kudu da Ostareliya. Fa'idar gungu a wurinmu a fili take. Rana ta ƙona uku, saura bakwai suna tafe. Ba shi da ƙamshin kirki, wannan kam gaskiya ne, amma ba ya ba mai shi kunya.

Ni dai da za a tambaye ni, dangi na uku zan nuna wa matar Ɗandamisa. Su ne tsofaffin irin da asalinsu ya fito daga ƙasar Sin, da 'ya'yansu da jikokinsu: rassa sirara, sabon toho ja-ja, fure madaidaici mai ɗan sunkuyar da kai, ba ya da tsinin nan na hoto. Daga cikinsu akwai Old Blush, wanda ya isa Turai tun ƙarni na 18, kuma daga irinsa ne wardin zamani ya gaji ɗabi'ar yin fure sau da yawa a shekara. Ba su buƙatar sanyi ya sa su barci kafin su yi fure, kuma wannan shi ne sirrinsu a ƙasa irin tamu. Ki dubi Pakistan, inda zafin bazara ya fi namu. Jan wardin da suke nomawa gona-gona don sarƙar fure da ruwan wardi, wanda suke kira Surkha, tsohon iri ne mai suna Gruss an Teplitz da aka fitar a 1897, mai jinin wardin Sin. A Indiya kuma akwai wanda suke kira Edward, mai ruwan hoda da ƙamshi mai ƙarfi, shi ma a filayen zafi ake noma shi. Ba su da kyan hoto, amma suna da rai bakwai, ga ƙamshi.

Tun da an zo maganar ƙamshi, na san abin da ke ranki. Hajiya ta dawo daga Makka da 'yar kwalbar turaren wardin Ɗa'if, an ɗiga miki a bayan hannu, har washegari yana nan. Wannan wardin Dimashƙa ne, wanda da ruwansa ake gaurayawa da Zamzam a wanke ɗakin Ka'aba, kuma a 2024 hukumar UNESCO ta sanya al'adun noma shi da tatsar shi a Ɗa'if cikin kayan gadon duniya. Amma Ɗa'if kan dutse take, sama da mita 1,800, gonakin Hada da Shafa ma sun fi haka. Wardin yana shan sanyin gaske, sannan ya yi fure sau ɗaya tak a shekara, na 'yan makonni a wajen Maris da Afrilu, a tsinke shi da asuba kafin rana ta sha ƙamshin. Sai an tara dubban furanni kafin a sami cikin 'yar kwalbar nan. Idan kin kawo shi Ɗandamisa zai iya rayuwa, ya yi ganye, ya yi ƙaya, amma fure sai ki yi ta jira. Ki bar wa Ɗa'if nata.

Za ki ce to, duk waɗannan sunaye na Turawa, wa zai faɗa miki su a bakin titi? Babu. Mai sayarwa zai ce miki ja ne ko fari, "ɗan waje" ko "na gida", shi ke nan. Don haka idonki ne makaranta. Kada ki kalli furen, ki kalli ganye: mai sheƙi, mai ɗan kauri, marar ɗigon baƙi. Ki duba gindi. Idan kin ga ƙulli kamar gwiwa inda rassa suka fito, mai aure ne, kamar yadda ake yi wa mangwaro, an ɗora ido na iri mai kyau a kan saiwar wani mai ƙarfi. Mai aure yana saurin girma, amma idan akuya ta cinye shi har ƙasa ko rana ta kashe saman, abin da zai tofo daga ƙarƙashin ƙullin ba shi kika saya ba, wani dogon mai ƙaya ne daban. Wanda ya tsiro da saiwar kansa kuwa, ko an gwaguye shi, shi ɗin ne zai dawo. Ki ɗaga ledar ki gani ko saiwa ta fara leƙowa ta ƙasa. Idan ƙasar ledar sabuwa ce fes, sandar kuma tana girgiɗi, jiya aka soka ta.

Yanzu mu koma tsakar gida mu nemi wuri. Ana cewa wardi yana son rana awa shida, kuma haka ne, amma ranar safe da ranar la'asar ba ɗaya ba ne. Ta safe tana busar da raɓa daga ganye ta ba shi abinci. Ta bayan azahar, musamman a bazara, gasa shi take yi. Ga dabara mai sauƙi. Ki tsaya a tsakar gida ki fuskanci gabas kamar za ki ta da salla. Katangar da ke bayanki, gindinta ne wurin wardi. Rana za ta same shi tun hantsi har zuwa azahar, daga nan inuwar katangar ta rufe shi. Katangar da ke gabanki akasin haka take: inuwa da safe, wuta da yamma. Nan ne makabartar wardi a gidaje da yawa.

Katangun kudu da arewa su ma da bambanci, don a hunturu rana takan karkata kudu. Gindin katangar kudu, ta cikin gida, yakan wuni cikin inuwa daidai lokacin da wardi ke neman haske ya yi fure, gindin ta arewa kuma ya wuni a rana. Idan dole sai ɗayansu, ki ba ta arewa Iceberg ko ɗan Sin, masu iya ɗauka. Katangar bulo da siminti tana riƙe zafi ta yi ta huro shi har bayan isha'i, don haka ki ja baya da kamu biyu. Ta ƙasa, irin ta iyayenmu, ta fi sanyi. Kada ki dasa a ƙarƙashin indararo ko bakin kwano, kuma ki nisanci gindin darbejiya da mangwaro, saiwarsu za ta shanye ruwan da kika zuba tun kafin ki ajiye bokiti.

Ƙasar rake da ƙasar wardi ba ɗaya ba ce. Rake yana son fadama, ƙafarsa a laima. Wardi yana son ya sha ya ƙoshi amma ruwan ya wuce. Ki haƙa rami zurfin kamu ɗaya, faɗi ya ɗan fi haka, ki cika shi da ruwa da yamma. Idan da safe kin tarar da ruwa a kwance, laka ta yi yawa ko akwai marmara a ƙasa, sai ki ta da 'yar kunya ki dasa a kai. Ki gauraya ƙasar da takin awaki ko na shanu wanda ya ruɓe ya yi baƙi ya daina wari. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa. Toka kuma kaɗan, idan ta yi yawa sai ki ga sabon ganye yana fitowa rawaya da jijiyoyi kore. Idan wurin an daɗe ana shuka tumatir ko kuɓewa har kika taɓa ganin saiwarsu da ƙulle-ƙulle, akwai tsutsar saiwa a ƙasar, ki sauya wuri. Mai gidan siminti kuwa, tsohuwar randar da ta tsage ta fi baƙar roba sau goma. Robar tana dafa saiwa da rana, randa tana sanyaya ta kamar yadda take yi wa ruwan sha. Ki dai huda mata gindi.

Ruwa fa? A hunturu jarka guda mai lita 25 za ta riƙe gindi ɗaya na mako, a raba ta biyu ko uku. A bazara ki ninka. Gara ki zuba da yawa jefi-jefi da ki riƙa yayyafawa kullum, don saiwa ta bi ruwan ta nutse ƙasa inda ke da sanyi. Idan ruwan saye kuke yi wurin 'yan garuwa, ki ajiye roba a wurin alwala. Gida mai mutum shida, salla biyar, kin ga wardi biyu sun sami abin sha ba da ko kwabo ba. Ruwan wankin shinkafa da na ganye ma ya yi. Na omo da bilic ne kawai ba a zuba masa. Ki rufe gindin da busasshen ganyen rake ko ɓuntun shinkafa don ya riƙe laima, amma ki bar tazarar yatsu huɗu daga jikin itacen, kuma ki riƙa ɗagawa kina dubawa, don gara ba ta neman izini.

Daga nan ina so ki ɗan biyo ni yamma zuwa Kudan, don akwai abin koyo a rumfunan inabi. Inabi ɗan ƙasar sanyi ne kamar wardin zamani. A can gida sanyi ne ke zubar masa da ganye ya sa shi hutawa, in ya farka ya yi 'ya'ya. A ƙasar zafi babu mai sa shi barci, sai manomi ya ɗauki almakashi ya yi masa aski, ya tilasta masa sabon toho a lokacin da yake so. Duk wanda ya iya duba idon inabi ya san inda zai yanka, ya iya askin wardi. Idan akwai mai aikin gonar inabi a danginku, ki riƙe shi da kyau. Dangantakar ma ta wuce nan. A gonakin inabi na Faransa akwai tsohuwar al'adar dasa wardi a bakin kowane layi, saboda farar fumfunar nan mai kama da an barbaɗa hoda takan fara nunawa a jikinsa, sai manomi ya shirya.

Lokacin askin a wurinmu shi ne tsakiyar Oktoba, da ruwa ya ɗauke. Haka ake yi a arewacin Indiya, inda shekararsu ta yi kama da tamu, kuma birnin Chandigarh da ke da katafaren lambun wardi tun 1967, a ƙarshen hunturu yake bikin furensa. Ki rage ba shi ruwa na mako guda. Ki cire busassun rassa, da sirara, da waɗanda suka gitta juna a tsakiya. Mai fure ƙato ki rage masa rabin tsawo, kina yankawa dab da saman idon da ke kallon waje. Ɗan Sin ba ya son aski mai zurfi, gyaran fuska ya ishe shi. Ki zuba taki, ki ba shi ruwa ya ƙoshi. Bayan kwana 45 ko kusa da haka, wato farkon Disamba, za ki ga abin da kika sha wahala dominsa. Duk furen da ya tsufa ki yanke shi, wani zai biyo.

A cikin hunturun ƙura za ta zauna a ganye. Sau ɗaya ko biyu a mako ki watsa masa ruwa da safe, har ƙarƙashin ganyen, don can ne wasu ƙananan jajayen ƙwari masu saƙa kamar gizo-gizo ke ɓuya idan iska ta bushe, su tsotse ganye ya yi fari-fari. Darɓa ma takan taru a sabon toho, ki murje ta da yatsa ko ki kore ta da ruwa. Da bazara ta shigo kada ki ba shi taki, kada ki yi masa aski, ganyen nan shi ne laimarsa. Idan ya fito da ƙananan kawunan fure a Afrilu ki tsinke su, na san da ciwo, amma ƙarfinsa kike adana masa.

Marka ce ke kawo babbar cuta, baƙin ɗigo. Za ki ga tabo baƙi zagayayye a ganyen ƙasa, kewayensa ya yi rawaya, ganyen ya faɗi, cutar ta yi ta hawa sama har itacen ya koma tsirara. Ƙwayar cutar sai ganye ya yi wajen awa bakwai a jiƙe take kama shi, kuma feshin ruwa daga ƙasa ne ke ɗaga ta. Shi ya sa ranar safe take da daraja, shi ya sa kuma ba a cunkusa wardi a lungun da iska ba ta ratsawa. Ki tsince ganyen da ya kamu, na sama da na ƙasa, ki jefa a murhu.

Ga inda nake so ki ba ni kunnenki duka biyu. Yankin nan na manoman rani ne, kusan kowane gida akwai ragowar maganin feshin tumatir ko na wake a lungu. Wani zai ce a ɗan fesa wa furen. Kada ki yarda. Tsakar gida nan ne yaro ke rarrafe, nan kaji ke kiwo, nan ake shanya tsaki da kuka. Ki daka 'ya'yan darbejiya, ki jiƙa su kwana, ki tace, ki ɗan saka sabulu, ki fesa da yamma. Ba ya kashe komai nan take, amma yana rage ɓarna. Kuma idan kina da niyyar busar da furen don humra ko turaren wuta ko haɗin gyaran jikin amarya, ko ki jefa a shayi, to sai wanda kika tabbata magani bai taɓa shi ba. Wanda ake sayarwa a ƙulle don kyauta an yi masa feshi tun daga gona, na kallo ne kawai. Ƙaya ma abin lura ce, kada ki dasa a kan hanyar da yara ke bi da dare zuwa banɗaki.

Abu biyu kuma da ake sayarwa da sunan wardi. Na farko kariya, mai kumburarren gindi da fure ja da fari, wadda yanzu ake zubawa a tukunya mai kyau a kira ta wardin sahara. Tana da kyau, ba ta jin ƙishi, amma ba dangin wardi ba ce, kuma ruwan jikinta guba ne, da shi ake haɗa dafin kibiya a wasu sassan Afirka. Gidan da ke da mai rarrafe ko mai kai komai baki, a ɗaga ta sama ko a haƙura. Na biyu, ƙwayar iri da ake tallatawa a intanet ta wardi shuɗi ko mai launin bakan gizo. Wardi ba shi da sinadarin yin shuɗi a halittarsa. Kamfanin Suntory na Japan ya shafe shekaru yana sarrafa ƙwayoyin halitta, ya fitar da nasa kasuwa a 2009, kuma duk da haka abin da ya samu ya fi kusa da ruwan makuba. Na hoton rini ne ko aikin kwamfuta. Ki riƙe kuɗinki.

Hanya mafi arha kuma ita ce mafi tabbas, kuma mutanen Ɗandamisa sun riga kowa saninta, don da ido ake shuka rake, da sanda ake shuka rogo. Ki sa ido a gidajen 'yan'uwa a Zariya, ko tsofaffin gidajen ma'aikata na Samaru, inda cibiyar binciken aikin gona take tun shekarun 1920. Duk inda kika ga wani tsohon wardi a gefen katanga da ya shekara goma babu mai kula da shi kuma yana fure, ya riga ya ci jarrabawar bazara da marka. Ki yi sallama ki roƙi reshe. Ba a cika hana shuka ba.

Ki zaɓi reshen da ya gama fure, mai kaurin fensir, tsawon taƙi guda, da ido uku ko huɗu. Ki naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma har ki iso gida. Ki cire ganyen ƙasa ki bar biyu na sama, ki soka shi a leda mai yashi da ɗan taki, ido biyu a cikin ƙasa. Ki yanke gindin gorar ruwa ki kifa a kai, ki ajiye a inuwa mai haske, ƙasar ta zauna da laima ba caɓi ba. Ki soka biyar, don ba duka ke kamawa ba. Lokacin askin Oktoba ya fi dacewa, sai kuma farkon damina. Mako shida zuwa takwas yake ɗauka, kuma ki ja wa yara kunne kada su tumɓuke don su ga ko ya yi saiwa. Wanda kika soka a Oktoba ki bar shi a ledarsa a inuwar safe ya wuce bazara, sai ruwa ya zauna a Yuni ki mayar da shi gindin katangar yamma. Ranar da za ki dasa, ki riga ki kewaye wurin da kara ko tsohuwar raga, don akuya ba ta san ƙaya ba idan ta ga sabon toho.